Awa Nawa Ne Daga Kano Zuwa Jidda?

La'asar ta yi sanyi a wata gona da ke ƙasar Minjibir, ana saura 'yan makonni ruwan shuka ya sauka. Kawuna yana juye mangalar taki daga bayan jaki, ni kuma ina tsaye a inuwar gawo ina taya shi hira. Sai muka ji rugugin jirgi daga wajen birni. Ya taso da ƙarfinsa, ya ratsa ta samanmu, ya miƙe gabas. Kawu ya dafa bayan jakin ya bi shi da ido har ya zama ɗigo.

"Kai da ka yi boko," in ji shi, "wannan in Makka za shi, yaushe zai sauka?"

Na ce, "Kawu, in hanya a buɗe take, kafin ku kwanta barci yau ya sauka."

Ya yi shiru, sannan ya ce kakansa ya bar garin nan da niyyar Hajji yana saurayi, bai dawo ba sai da furfura ta fara fito masa. A shekarar da muke wannan hira Kawu ya riga ya biya kuɗin kujera, yana jiran a kira shi. Tambayar tasa ba ta yawan surutu ba ce. So yake ya san kwana nawa gonarsa za ta yi ba shi.

Wannan tambaya ana yin ta kowace shekara a Dambatta da Bichi da Makoɗa da Kunchi da Gezawa, a bakin masallaci da wajen bitar maniyyata. Amsar da ake bayarwa, "awa biyar ne," gaskiya ce in hanya a buɗe take. Sai dai ita ce mafi ƙanƙantar yanki na tafiyar.

Abin da taswira ta ce

Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, idan aka ja zare a miƙe, kimanin kilomita 3,400 ne. Zuwa Madina, inda ake fara sauke mafi yawan alhazanmu a 'yan shekarun nan, ya ɗan haura 3,500. Wanda ya san hanyar Kano zuwa Legas a mota, ya ninka ta sau uku ya ɗan ƙara. Wanda kuma iyakarsa Dambatta zuwa Kano, to kamar ya yi wannan hanya ce sau kusan 70.

Manyan jiragen da ke jigilar alhazai suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa guda idan sun daidaita a sama, a tsayin da ya kai kilomita 10 ko fiye. In ka raba, za ka samu awa huɗu. Amma jirgi ba ya fara wannan gudu daga ƙasa. Sai ya hau a hankali, ya sauko a hankali, ya bi hanyoyin da aka shata masa a sararin samaniya, waɗanda ba a miƙe suke kamar zare ba, wani lokaci kuma ya yi shawagi yana jiran izinin sauka. Iskar da ke can sama ma tana da nata: wata sa'a ta tura shi, wata sa'a ta tare shi. Da haka awa huɗu ke zama huɗu da rabi ko biyar.

Akwai abin da ya burge Kawu da na faɗa masa. Alƙiblar Kano ba gabas tsantsa ba ce, ta ɗan karkata arewa. To layin da limaminmu ke fuskanta kullum, shi ne kusan layin da jirgin ke bi in ba a tilasta masa zagaye ba. Babban titin da jirage ke tashi a filin Kano ma daga kudu maso yamma ya miƙe zuwa arewa maso gabas, shi ya sa mutanen wannan shiyya suke yawan ganinsu a samansu. Layin alƙiblar ya ratsa ta wajen tafkin Chadi, ya keta ƙasar Chadi, ya shiga Sudan ta arewacin Darfur, ya tsallake kogin Nilu, sannan ya haye Bahar Maliya.

Agogo biyu

Wani abin da ke rikita mutane shi ne agogo. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu. Jirgin da ya tashi daga Kano ƙarfe 10 na dare ya yi awa biyar, zai sauka agogon can yana cewa ƙarfe 5 na asuba, sai ka ɗauka awa bakwai aka yi. A dawowa kuma, wanda ya tashi daga Jidda ƙarfe 10 na safe zai iso Kano ƙarfe 1 na rana, sai a ce awa uku ce. Daga nan ne maganar da ake yi a ƙauye ta samo asali, cewa hanyar dawowa ta fi ta zuwa kusa. Hanya ɗaya ce, agogon ne ya bambanta.

Masu zuwa Umara da 'yan kasuwar da ake kira 'yan Kano-Jidda kuma sukan bi ta wata ƙasa. Mai bi ta Addis Ababa ya sani cewa nisan Kano da Addis Ababa kusan ɗaya yake da nisan Kano da Jidda, sannan ga wasu kilomita 1,400 a gabansa. Mai bi ta Alƙahira zai yi fiye da 4,000 gaba ɗaya. Idan aka haɗa da zaman jiran jirgi na biyu, yini guda ya tafi.

Hanyar da ta ci shekaru

Kakan Kawu bai yi wani abin mamaki ba a zamaninsa. Haka tafiyar take. Daga Kano a nufi Borno, a tsallaka Fort Lamy, wato N'Djamena ta yau, a ratsa Wadai ta Abeche, a shiga Darfur ta Janaina da Fashir, a gangara Ubayyid, a kai Khartoum, daga nan sai gaɓar teku a Sawakin ko Port Sudan, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Ko da mutum zai yi tafiyar kilomita 30 kullum ba hutu, sai ya shafe watanni. Amma ba wanda ke tafiya haka. Guzuri yakan ƙare, sai a tsaya a yi noma damina ɗaya ko biyu, a yi ƙwadago, a yi ɗinki, a koyar da allo, a tara abin da zai kai mutum zango na gaba.

Da yawa ba su ƙarasa ba, da yawa sun ƙarasa ba su dawo ba. Su ne tushen dubban ɗaruruwan masu jin Hausa da Fillanci a Sudan a yau. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira bayan kammala madatsar Sennar a 1925, mahajjatan ƙasar Hausa suna cikin waɗanda suka riƙa tsintar audugar don neman kuɗin jirgin ruwa.

A wancan zamani, mai tafiya Hajji sallamar da ba lalle a sake gani ba yake yi. Yakan raba abin da zai raba, ya biya bashi, ya bar gona a hannun ƙani. Wannan al'ada ta neman gafara gida-gida kafin tafiya ba ta mutu ba, ko da yake tafiyar ta koma ta rabin yini.

Mota ce ta fara rage nisan. A 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da aka sani da WAPA, suna kwasar mutane a manyan motoci zuwa Sudan. Sunan yana nan a Fagge, a kasuwar 'yan canji ta Wapa, inda maniyyata ke zuwa neman riyal har gobe. Shekaru suka koma watanni.

Tashar da ta girmi sauran

Kano ake ɗauka a matsayin gari na farko da jirgin sama ya taɓa sauka a Najeriya. A watan Nuwamba na 1925 wasu jiragen sojan saman Ingila guda uku suka iso daga Masar ta hanyar Khartoum. Ke nan tun ranar farko, hanyar sama ta bi sawun hanyar mahajjata ne, sai dai ta juyo ta baya. A 1936 aka fara zirga-zirgar jiragen haya tsakanin Khartoum da Kano. Daga baya, da yake jiragen wancan lokaci ba sa iya dogon zango ba tare da shan mai ba, Kano ta zama matattarar jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka.

Daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara ƙwace jigilar alhazai daga hannun mota, kuma zuwa shekarun 1970, lokacin kuɗin mai, ya gama ƙwace ta. A 1975 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa, a 2006 kuma aka kafa NAHCON da ke riƙe da aikin yanzu. Kamfanoni irin su Kabo Air da Max Air da Azman, duk masu tushe a wannan yanki, da jigilar alhazai aka fi saninsu.

Saurin ya zo da nasa baƙin cikin, kuma tsofaffi ba su manta ba. Ranar 22 ga Janairu 1973, jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda zai kai su Legas, aka karkato shi Kano saboda yanayi, ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgin da ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama wuta jim kaɗan bayan tashinsa, duk mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu. Idan ka ga dattijo a ƙauye yana tambayar awa nawa zai yi a sama, wani lokaci wannan ne a ransa.

Yaƙin Sudan ya ƙara nisa

Mutum zai ɗauka nisan gari da gari ba ya canzawa. A ƙasa haka ne. A sama kuwa, nisa yana hannun wanda ya mallaki sararin da za ka ratsa.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan tsakanin sojojin ƙasar da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyarta, saura 'yan makonni a fara jigilar alhazan shekarar. Sudan kuwa ita ce tsakiyar hanyar. Dole jirage suka riƙa zagaye, ko ta kudu ko ta arewa, tafiyar awa huɗu da rabi ta ƙaru da awa biyu ko fiye.

Kowace awa a sama mai ce ake ƙonawa da tan-tan. Kamfanonin jiragen cikin gida suka ja da baya wajen sa hannu a yarjejeniyar jigila, suna cewa farashin da aka yi da su tun farko bai ƙunshi zagaye ba. Aka tsaya a kan ƙarin dala 250 ga kowane maniyyaci. Bayan gwamnati ta yafe wasu kuɗaɗen da take karɓa, aka zare dala 100 daga guzurin kowane alhaji don cike giɓin.

Kamfanonin suna da hujja: ga mai, ga kuɗin ratsa sararin ƙasashe da yawa, ga shi jirgin da zai yi sawu biyu a yini ya koma yin ɗaya da rabi. Maniyyata ma suna da tasu: sun biya abin da aka ce su biya, yaƙin ba su suka tayar ba. Dala 100 a aljihun manomin Bichi ita ce abincin kwanaki a Makka da tsarabar jikoki. A ganina, abin da ya fi ciwo shi ne yadda ƙasar da ta ciyar da kakanninmu a hanyarsu ta Hajji, ta ba su gona da matsuguni, ta koma wurin da ake tsoron ratsa samansa, kuma cikin waɗanda yaƙin ya raba da gidajensu har da jikokin waɗancan mahajjata.

Awoyin da ba a rubuta a tikiti ba

Ga maniyyacin karkara, tafiya ba a bakin jirgi take farawa ba. Tana farawa ne ranar da jami'in alhazai na ƙaramar hukuma ya aiko cewa a hallara. A ɗaure jaka, a yi sallama, a cika mota da 'yan rakiya. Daga Kunchi ko Tsanyawa zuwa birni kaɗai, awa ɗaya da rabi ko biyu ce, kusan rabin lokacin da jirgi zai yi zuwa wata nahiya.

Sai zaman sansani. A tantance fasfo da biza da katin rigakafi, a raba guzuri, a auna jakar hannu kada ta wuce kilo 8. Sannan jira. Kawu ya kwana biyu a kan tabarma kafin sawunsu ya tashi. Na kai masa fura a rana ta biyu, na tarar ya jingina da jakarsa, sanye da yadin alhazai, carbi a hannu, idonsa na kan gajimaren da ke haɗuwa a gabas. Abin da ya fara tambayata shi ne ko an yi ruwa a gida.

Jigilar alhazai sarƙa ce. Jirgi ɗaya ne ke zuwa ya dawo ya sake ɗauka, kuma an ware masa lokacin sauka a Madina ko Jidda, inda jiragen duniya duka ke layi. In ya makara sau ɗaya, ko wata matsala ta taso a inji, ko bizar wasu ba ta fito ba, to duk sawun da ke bayansa sun makara. Jami'ai sukan ce su ma maniyyata suna da nasu laifin, a kira mutum ya ƙi fitowa sai ya gama wani uzuri, jirgi ya tashi da kujeru ba kowa. Akwai gaskiya a ciki. Amma wanda aka taɓa kira ya zo ya kwana uku a waje, ba za a yi mamaki ba in ya yi nawa a kira na gaba.

Mafi munin abin da jinkiri ke haifarwa an gan shi a 2022, lokacin da aka rufe filayen jiragen Saudiyya ga mahajjata alhali maniyyatan Kano kusan 700 suna ƙasa. NAHCON ta ba da haƙuri, amma Arfa ta wuce. Tsakaninsu da Jidda awa biyar ce kacal.

A can ma akwai saura. Daga Madina zuwa Makka kimanin kilomita 450 ne, kuma a motar alhazai, da tsayawa ɗaukar harami a Zul Hulaifa, yakan ci lokacin da ya kai ko ya fi na jirgin da ya kawo su daga Kano. Wanda aka sauke a Jidda kai tsaye zai wuce Makka kuwa, malaman bita sukan ja kunnensa ya shirya haraminsa tun daga Kano, domin jirgi yana wuce daidai miƙati cikin ƙiftawar ido, ba ya tsayawa kowa ya yi wanka. Malamai sun yi saɓani a kan ko za a iya ɗaukar harami a Jidda, shi ya sa da yawa suke zaɓar abin da ya fi kuɓuta.

Nisa da ma'aunin buhu

Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin wuraren da jama'ar karkara suka fi cunkushewa a Afirka ta Yamma. Gona tana manne da gona, iyaka ita ce 'yar jerin gamba ko lalle. Ba a barin ƙasa ta huta, da taki ake riƙe ta shekara da shekaru, gero da dawa da wake da gyaɗa a fili ɗaya. Kowane gado kuma yana ƙara tsaga ta. A irin wannan wuri, ba a tara kuɗin Hajji daga amfanin damina ɗaya.

A 2023 kujera ta kusa naira miliyan 3. A 2024, da darajar naira ta faɗi, aka fara da miliyan 4 da ɗoriya, sannan aka nemi cikon kusan miliyan 2 cikin 'yan kwanaki, har gwamnatin Kano ta tallafa wa maniyyatanta da naira 500,000 kowanne. A 2025 ta haura miliyan 8. Ko da za a sayar da buhun hatsi naira 80,000 a kasuwar Dawanau, sai an kai buhu fiye da 100 kafin a haɗa wannan kuɗi. Manoma nawa ne a Makoɗa ke ɗaure abin da ya kai haka, bayan sun cire na ci?

Don haka ake haɗawa da kiwo. A turke sa biyu ko uku a kai kasuwar Dambatta, a ƙara da kuɗin noman rani a bakin madatsar Thomas ko Watari, ɗa da ke birni ya cika. Tun 2020 akwai shirin adashin gata da NAHCON ta ɓullo da shi tare da bankin Jaiz, mutum ya riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Tunani ne mai kyau, amma wanda ya fara zubi yana hangen miliyan 3 ya ga abin ya ninka kusan sau uku kafin ya kai.

Sai kuma masu sayar da gona ko jinginar da ita. A nan ra'ayi ya rabu. Wasu dattawa suna cewa gona ta duniya ce, kuma ba wanda ya san ko zai ga baɗi. Malamai da dama kuwa suna tunatarwa cewa Hajji a kan mai iko ya wajaba, kuma iko ya haɗa da barin abin da iyali za su ci. Ina tare da malaman. Na ga gidan da aka yi murnar dawowar Alhaji mako guda, aka shekara ana awo a kasuwa, domin gonar da ke cika rumbu ta koma hannun wani.

Damina ba ta jira

Kalandar Musulunci tana ja baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, kuma a 'yan shekarun nan ta kawo Hajji daidai bakin damina. An yi Arfa a ƙarshen Yuni a 2023, a tsakiyar Yuni a 2024, a farkon Yuni a 2025. Alhajin jiha kuwa yakan yi wata guda zuwa kwana 40 kafin ya dawo, domin yadda aka kwashe su sawu-sawu haka za a dawo da su.

Ga ma'aikaci, wannan hutu ne da za a rubuta a takarda. Ga manomi, shi ne lokacin da shekara ke tsayuwa ko ta faɗi. Ruwan shuka in ya sauka, kwana biyu ko uku gare ka ka bi ƙasa da sungumi tun tana da laima. Bayan mako biyu zuwa uku sai noman fari, in ka yi sake ciyawa ta danne gero. Wasu kan yi binne kafin su tafi, su zuba iri a busasshiyar ƙasa su bar wa Allah. Wasu su bar wa 'ya'ya, wasu su ajiye kuɗin 'yan ƙwadago a hannun amini. Gayya, wadda a da take rufa wa irin wannan asiri, ta ja baya a garuruwa da yawa.

Abin da manoman ke roƙo bai fi ƙarfin hukuma ba. A faɗa wa mutum ranar tashinsa da ta dawowarsa tun da wuri, a kuma tsaya a kai gwargwadon iko. A daina kiran mutanen nesa su zo su kwana a sansani alhali jirginsu bai baro Saudiyya ba. A wajen bita, bayan an koyar da ɗawafi da jifa, a ɗauki minti goma a bayyana musu nisan, da bambancin agogo, da dalilin da zai sa awa biyar ta zama bakwai, da yadda mai ciwon suga ko hawan jini zai yi da maganinsa a tsawon zaman.

Kawu ya dawo gero ya kai gwiwa. Bai shiga gida ya zauna ba sai da ya zaga gona da farar jallabiyarsa, 'yan taya murna suna biye da shi, yana sunkuyawa yana cire ciyawar da yara suka tsallake. A shekaru masu zuwa Hajji zai koma cikin bazara, a je a dawo kafin ruwan farko, kuma ya lissafa wannan da kansa. Ya sayi ɗan maraƙi ya turke a bayan ɗaki, ya ce na kujerar Inna ne.